Ƙarƙashin Fiffiken Mai Kunne

Laraba, da hantsi

Auta ta haihu! Mace ce. Na yi jika, na yi amarya. Sai yanzu na tuna ban yi sallama ba. To, salamu alaikum, ko da yake littafi nake yi wa. Malamarmu ta ajin yamma ta ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya same shi, kada hannu ya manta harafi. Ni da na kama biro bayan gemu ya yi fari, ban taɓa samun abin rubutawa irin na yau ba.

Ta zo da wuri, lokacinta bai yi ba. Sun sa ta a kwalba, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake sa jarirai. Surukina ya ce duka-duka ba ta wuce tafin hannunsa biyu ba. Na ce hakan ma ya fi, ba za ta cinye mini abinci ba. Bai yi dariya ba. Gajiya ce, direba ne, daga hanya ya wuce asibiti.

Na je da sabuwar riga. Wata nas ta tare ni a ƙofar ɗakin jarirai.

"Baba, wannan tarin tun yaushe?"

"Tun ba a haife ki ba. Na fenti ne, ba ya kama kowa."

"Ko na zinariya ne, ba za ka shigar mini da shi nan ba."

An ce Auta tana barci. Surukina ya ba ni makullin gidansu, ya ce in zauna a can kada a bar shi ba kowa. Komai lafiya. Komai lafiya ƙalau.

Alhamis, da yamma

Gidan shiru. Firji ne kaɗai yake magana. Kofin da ta sha ruwa yana nan a kan tebur, ban wanke ba.

Na leƙa ƙaramin ɗakin. Fari ne fat, babu komai sai gadon jariri da ba a haɗa ba, an jingine shi da bango. Ni na yi fentin. Bara rawaya na yi masa, daga baya ta ce in mayar da shi fari. Rawaya ba ya jin magana, sai da na bi shi sau da yawa, har yanzu idan rana ta shigo akwai inda yake leƙowa a ƙasan taga. Ni kaɗai nake gani.

Juma'a, da safe

Surukina ya buga waya. Auta ta tashi. Ta ce kada in wahalar da kaina da zuwa.

Asabar, da rana

Na sami allonta a kan kujera, wannan kwamfutar hannu da take zane a kai. Aikinta ke nan, tana zana hotunan littattafan yara. Kwanakin baya ta zaunar da ni ta nuna mini wata dabba da ta zana, wadda za a buga babba a manna a bangon ƙaramin ɗakin. Babu irinta a duniya. Kai na maraƙi, kunnuwa na giwa, jiki duk ɓawon kifi, ƙafafu na agwagwa, ga fikafikai, a ƙarshen wutsiya kuma fitila. Na ce wannan idan ta shigo kasuwa kowa zai bar takalminsa. Ta ce ba ta cizo, gadi take yi. Na sa mata suna Mai Kunne.

Baƙin layi ne kawai, babu launi. Ta ce, "Baba, kai ne mai fenti, kai za ka sa mata kaya." Ta koya mini. Ta ce in ɗauka gilasai ne aka jera ɗaya kan ɗaya. Zanenta yana kan gilashin sama. Ni in buɗe nawa a ƙarƙashi in yi ta shafe-shafena, layinta ba zai taɓu ba. Kowane gilashi kuma yana da ɗan ido a gefe, idan ka taɓa ya rufe, abin da ke kansa ya ɓuya, ka sake taɓawa ya dawo. Na ce na gane. Ta ce, "Ba ka gane ba, amma za ka gane."

Yau na fara. Na sa wa jikin shuɗi mai duhu, shafen farko. Alƙalamin ba shi da nauyi, kamar ba aiki kake yi ba. Babu wari. Da na gama na kashe allon na ajiye shi kusa da taga ya bushe.

Lahadi

Ba labari.

Litinin, da la'asar

Surukina ya zo ɗaukar kaya. Ya rame. Ya ga allon a bakin taga, ya ce me yake yi a nan. Na ce shanya. Ya tsaya yana kallona.

"Baba, ai wannan ba ya jiƙewa balle ya bushe."

"Na sani. Amma ni ban taɓa ɗora shafe a kan ɗanye ba, ba kuma yau zan fara ba."

Wannan karon ya yi dariya, kaɗan. Na ce yaya amaryata. Ya ce tana nan, an sa mata ɗan bututu a hanci, tana motsa ƙafa. Na ce Auta ta je ta gan ta? Ya ce, "Ta ci abinci sosai yau, Baba." Na ce madalla. Na sake tambaya. Ya sunkuya yana neman takalmin da ke ƙafarsa.

Tsakanin gadonta da ɗakin jarirai, baranda ɗaya ce. Na gani da idona ranar da aka kore ni.

Talata, da safe

Kunnuwa: ruwan hoda a ciki, toka a waje. Na ajiye su bushe.

Laraba, da yamma

Na buga mata waya, ta ɗauka. Muryarta kamar daga cikin rijiya.

"Baba, ka kashe famfon bayan gida? Yana zuba."

"Na kashe."

"Ka ci abinci?"

"Na ci. Ke fa, kin je kin ga kishiyar uwarki?"

Ta ce nas tana kiranta. Ban ji muryar kowa ba.

Da uwarta tana da rai, da ta san abin faɗa. Ni bango na sani. Idan ya tsage na san abin da ake cusawa.

Alhamis, da rana

Ɓawon kifin nan ya ci mini yini. Kowane ɗaya sai na sa masa haske a sama, duhu a ƙasa, don ya taso. Idan na ware yatsu biyu a kan allon, hoton yana girma har ɓawo ɗaya ya cika fuska. Da ana haka da bango, da ban faɗo daga tsani ba a rayuwata.

Akwai abin da yake damuna a zanen. Fiffike ɗaya yana sama, ɗaya kuma ta sauke shi ta lanƙwasa, kamar kaza a kan ƙwai. A ƙarƙashinsa babu komai. Fili ne kawai. Kan dabbar ma can ya karkata, tana kallon filin. Ban san launin da ake sa wa babu komai ba. Na tsallake shi.

Asabar

Sun ce daren jiya numfashin amaryata ya yi wasa. Sun ce ya dawo daidai. Sun ce a yi ta addu'a.

Na wanke kofin.

Lahadi, da la'asar

Na yi ɓarna.

Fuskar nake yi. Hankalina yana kan waya, ina jira ta yi ƙara. Na ɗebo shuɗi na shafa, na shafa, sai da na ɗaga hannu na ga babu idon hagu, babu rabin hanci, babu bakin nan mai kamar murmushi. Shuɗi ya hau kan layinta ya cinye. Na ce ba komai, idan ya bushe layin zai fito, baƙi yakan taso ta ƙarƙashin shuɗi. Na kashe na kai taga.

Litinin, da safe

Bai fito ba. Mai Kunne tana kallona da ido ɗaya.

Litinin, da yamma

Na naɗe allon a tawul na kai wa mai shagon buga hotuna, ƙawar Auta ce tun suna makaranta, ita take buga mata aiki. Bakinta ba ya hutawa.

"Baba Mai Fenti, an yi jika an daina gaishe mu. Me ka ƙunso kamar jariri?"

Na nuna mata. Ta duba, ta dafe kai.

"A kan gilashinta ka shafa. Da a lokacin ka taɓa kibiyar nan mai komawa baya, da ya goge tas. Me ka yi bayan ka gani?"

"Na kashe, na bar shi ya kwana."

"Don me?"

"Ya bushe."

Ta yi dariya har ta riƙe kanta. Da ta ga fuskata ta daina. Ta ce kashewar da na yi ce ta sa allon ya manta hanyar komawa. Layin ya tafi. Na ce ta zana mini wani. Ta ce ita bugawa ta iya, kuma ko ta iya ba za ta sa hannu a zanen Auta ba, tana son ranta.

Tana bin gilasan ɗaya bayan ɗaya ko akwai kwafi a ɓoye, sai ta kai kan wani can ƙasa wanda idonsa yake rufe. Ta taɓa.

Filin nan na ƙarƙashin fiffike ya cika. Ɗan Mai Kunne ne, ƙarami, ya dunƙule yana barci, kunne ɗaya ya rufe masa fuska. Shi an riga an sa masa launi, an gama shi tsaf, har da hasken fitilar wutsiya. Rawaya ne. Na san rawayan. Ni na haɗa shi a bokiti bara, ita ta zaɓa.

Mai shago ta yi sauri ta rufe idon. Ta naɗe mini allon da kanta, ta raka ni har bakin titi.

Talata

Ban kunna ba.

Laraba, da rana

Ban kunna ba. Na share tsakar gida, na gyara famfon. Na zauna a ƙaramin ɗakin ina kallon ƙasan taga.

Wancan ɗan nata, na bara, ko kwalba bai kai ba. Ta riƙe shi, ta kalle shi sosai. Ni ina waje. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, da yamma

Na je, ba tare da an ce in zo ba. Ɗakin mata ba a hana mai tari. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ta fuskanci bango, bangon ma wanda ya yi fentinsa bai san aikinsa ba. Na zauna. Na shirya maganganu a mota, duk suka gudu. Sai na ce, "Auta, na ɓata miki aiki."

Ba ta juyo ba. Na kunna allon na miƙa ta saman kafaɗarta. Ta daɗe tana kallo. Sai ta tashi zaune.

"Baba, me na ce maka?"

"Kin ce gilashinki na sama."

"Na ce ka buɗe naka. Sau nawa na faɗa? Ina idonta? Ina bakinta? Ka san kwana nawa na yi a bakin nan kaɗai?"

"Na ɗauka zai taso idan ya bushe."

"Idan ya me?"

Matar gadon kusa ta ja mayafi ta rufe baki. Auta ta ce, "Kawo alƙalamin." Ta fizge shi. Tana faɗa tana gogewa, tana cewa shuɗin ma ya yi duhu, wa ya ce in sa wa kunne ruwan hoda kamar takalmin 'yan makaranta. Tun da aka kawo ta asibitin nan ban ji muryarta ta gaskiya ba sai yau. Na zauna ina shan faɗa kamar ana ba ni zuma.

Ta ja ido, layi ɗaya, ya zauna daram. Ta ja baki. Sannan ta buɗe jerin gilasan, hannunta ya tsaya.

"Ka buɗe wannan?"

"An buɗe. An rufe."

Na ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Ban san kin gama shi ba."

Ta ce, "Idan na kalli yarinyar nan, Baba, shi ke nan, na san fuskarta."

Na ce haka ne. Ban ce komai zai yi daidai ba, don ban sani ba. Na ce, "Ni an hana ni. Da an bar ni, da na kalla mana mu biyu. Ko kunnenta ban san irin na wa ne ba."

Ta kwanta ta sake juya baya. Amma allon yana ƙirjinta, ba ta ba ni ba. Na dawo da tawul.

Juma'a

Babu allo, babu abin shanyawa. Na tsaya a bakin taga hannu biyu a aljihu.

Asabar, da safe

Ko na yi daidai, ko na ƙara ɓatawa. Ban buga waya ba. Ba a bugo ba.

Lahadi

Firji.

Litinin, da la'asar

Na je ajin yamma don in ga mutane. Malama ta ce kowa ya karanta abin da ya rubuta a mako. Na ce na manta littafin a gida. Yana aljihuna. Tsohon maigadin da muke zama benci ɗaya ya ce, "Angon kwalba, yaushe za a kawo amarya?" Na ce ana shiri. Ya dube ni, ya matso da rabin lemonsa gabana, bai ƙara tambaya ba.

Talata, da yamma

Surukina ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya zauna a ƙasa, a gabana, shi da ko ido ba ya haɗawa da ni.

Ya ce jiya da rana ta tambayi nas ɗin nan mai korar mutane wai yaya kunnen yarinyar yake. Nas ta ce ita ba a ɗauke ta aikin kwatance ba, mai son ganin kunne ya taka ya je. Auta ta ce zane take yi, kunnen kawai take so. Nas ta ce to ta zo ta ga kunnen kawai, sauran jikin za a rufe mata.

Ta tafi tana dafa bango, da allo a hammata. Ya ce ta tsaya a kan kwalbar ta ɗaga alƙalami. Ya ce ba ta zana komai ba. Har aka zo canjin ma'aikata tana nan, hannunta a cikin ramin nan na gefen kwalba, yarinyar ta kama mata ɗan yatsa.

Na ce kunnen fa? Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Naka ne."

Na shiga bayan gida na buɗe famfon da na gyara, na bar shi yana zuba don kada ya ji ni.

Alhamis, da rana

An aiko mini da allon. Fuskar Mai Kunne ta dawo, ta ma fi ta da. Idon gilashin nan na ƙasa a buɗe yake, ɗan rawayan yana barcinsa. A gefensa, a ƙarƙashin fiffiken dai, ta matsa shi kaɗan ta zana wata. Ƙarama ce ƙwarai, idonta biyu, ta ɗaga ƙafa ɗaya, kunnuwanta sun fi kanta. Baƙin layi kawai.

Ta bugo waya. "Na buɗe maka gilashinka, na kulle nawa. Ko ka so ba za ka iya ɓatawa ba. Ban da ruwan hoda."

"Wane launi kike so?"

"Kai ne mai fenti."

Sai na ji wani ɗan ƙara a bayanta, kamar ƙyauren da yake son mai. Ta ce, "Ka ji amaryarka. Bari in je."

Asabar

Kore, irin na ganyen da bai gama buɗewa ba. Shafen farko. Yana bakin taga.

Litinin

An cire bututun.

Laraba

Shafe na biyu. An ce ta sha da bakinta, ta kuma yi wa nas amai a riga. Jinina ce.

Juma'a, da hantsi

Sun dawo gida. Su biyu, da ƙafar Auta, amarya a ƙirjinta.

Mai shago ta buga hoton, faɗinsa ya kusa cika bango, ni na manna shi jiya, babu kumfa ko ɗaya. Surukina ya haɗa gadon, ƙusa ɗaya ta yi saura, ya ce ta kyauta ce. Auta ta tsaya a ƙofar ɗakin ta daɗe tana kallon ƙarƙashin fiffiken. Sannan ta ce shuɗin har yanzu ya yi duhu. Ta kuma nuna ƙasan taga ta ce, "Wancan wurin ka bar shi haka, kada ka sake bi." Ashe ba ni kaɗai nake gani ba.

Ni dai har yau ban ɗauke ta ba. Nas ta aiko da saƙo musamman a kaina, sai yarinya ta ƙara ƙwari. An ajiye mini kujera a waje, a bakin tagar ƙaramin ɗakin, inda nake shanya. Daga nan ina ganin komai: gadon, bangon, kunnen.

To, jama'a, ku zo. Malama, ki zo da 'yan aji duka, yau zan karanta nawa. Maigadi, ka zo ka ga amaryar da kake tambaya. Mai shago, ki zo da bakinki. Maƙwabta na gaba da na baya, ku zo ku ga dabbar da babu irinta a duniya da 'ya'yanta biyu, ku ga wadda aka yi dominta. A wanke hannu a bakin famfo, a shiga da ɗai-ɗai, a rage murya. Mai tari kuma ya zagayo nan wurina. Tagar tana da faɗi, ta ishe mu.